Yadda Ake Zagayen Hutu da Mota Daga Bauchi: Fito a Ibi da Kwana a Masaukin Karkara

Hanyar da zan bayyana zobe ce. Ka tashi daga Bauchi ka yi kudu ta Dass da Tafawa Ɓalewa, ka shiga jihar Filato ka bi ta Langtang, ka gangara bakin kogin Binuwai, a ɗora motarka a jirgi a haye da ita zuwa garin Ibi na jihar Taraba. Daga nan sai Wukari, Jalingo, gadar Numan, ka hauro ta Cham da Kaltungo zuwa Gombe, ka biya Yankari ka wanke ƙurar hanya, sannan gida. Jihohi biyar ke nan. Mutumin Gombe shi ma zoben nan nasa ne, sai dai ya fara ta Bauchi ko ya juya shi ta ɗaya ɓangaren. Kwana biyar zuwa shida sun ishe ka in ba ka da gaggawa, kuma mai gaggawa bai kamata ya biyo nan ba.

A duk tafiyar nan wuri ɗaya ne ba kai ke da iko da lokacinsa ba, wato wurin fito. A kan kwalta kana iya ƙara mai ka cike gurbin awa guda da ka ɓata. A bakin ruwa kuwa sai jirgi ya zo, sai ya cika, sai masu shi sun ga dama da yanayin ruwan. Don haka kada ka tsara tafiyar daga ƙofar gidanka zuwa gaba. Fara da sa'ar da kake son tsayawa a bakin kogi, sannan ka lissafo baya: ina zan kwana daren da ya gabata, ƙarfe nawa zan bar Bauchi don in isa can da rana.

Zaɓen lokaci

Binuwai na watan Satumba daban yake da na watan Afrilu. Daga Agusta zuwa Oktoba yana cika ya batse, ruwan ya yi ja, ya riƙa kwaso kututture da ciyayi daga sama. A irin wannan lokaci ne ake sako ruwa daga madatsar Lagdo da ke Kamaru, wanda ya ƙara wa ambaliyar 2012 da ta 2022 ƙarfi a garuruwan bakin kogin. Wanda ya fito shaƙatawa da iyali ba shi da dalilin ɗora mota a jirgi a waɗannan watanni.

Daga Maris zuwa Mayu kuma matsalar ta juye. Ruwa ya ja baya, tsibiran yashi sun fito, jirgi mai nauyi sai ya yi ta zagaye yana neman inda yake da zurfi, kuma tsakanin ƙarshen hanya da bakin ruwa akwai filin yashi da mota za ta ratsa. Ga zafin kwarin Binuwai, ga iskar hadarin farkon damina da ke tasowa da yamma ba sallama.

Abin da ya rage shi ne Nuwamba zuwa Fabrairu, kuma hutun makarantu na Disamba ya faɗo daidai a ciki. Aibinsa ɗaya, hazo. Wata safiyar ba ka ganin ɗaya gaɓar, masu jirgi su ce a jira rana ta ɗaga. Sai a jira.

Bincike kafin a tashi

Mako guda kafin tafiya ka je tasha ka nemi direbobin da ke bin hanyar Langtang da Shendam, ko masu ɗauko doya daga Wukari. Su ne jaridar hanya. Ka tambaye su abu uku: jirgin ɗaukar motoci yana aiki a Ibi a makon nan, wane yanki ne ba a bi da yamma, kuma yaya hanyar Wukari zuwa Jalingo take. Tambaya ta ƙarshen tana da dalili. A daminar 2024 ruwa ya cinye gadar Namnai a ƙaramar hukumar Gassol, a kan wannan hanyar, aka koma fito da mutane da motoci a wurin. Ka san halin da za ka tarar kafin ka je, kada ka shirya wa fito ɗaya ka iske biyu.

Batun tsaro ba na wasa ba ne a kudancin Filato da wasu sassan Taraba. Labarin wata uku da suka wuce ba ya amfani, na makon nan kake nema. Ka karɓi lambar wayar direba ɗaya ko biyu, ka sake kiransu ana gobe za ka tashi. In sun ce a dakata, ka dakata, ko ka juya tafiyar ta Gombe da gadar Numan inda babu fito.

Motar

Kai ta wurin bakanike ka tsaya a kanta. Ban da juyen baƙin mai da duba lagireto, abu biyu ne fito ke jarrabawa: birki da hambirki. Motar da hambirkinta ba ya riƙe ta a gangare ba ta da hurumin hawa jirgi. In mai kuloci ce, a tabbatar ba ya zamewa, don hawan katako da shi za ka yi. A duba salansa a ɗaure ta da kyau, ita ce ke fara gogar ƙasa. Tayoyi a duba shekarar da aka yi su, tana rubuce a gefe da lamba huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Safaya ta kasance da iska.

A but ka sa jak, sifana, igiyar ja mai ƙarfi, famfon iska, ƙaramin shebur, da guntayen katako biyu masu kauri na waigi. Abin kashe gobara da alamar tsayawa mai kusurwa uku dama jami'an kiyaye haɗurra za su tambaye ka. Takardu su cika: lasisin tuƙi, takardun mota, da inshora. Inshorar nan ta dole, wadda ta koma naira 15,000 tun farkon 2023, ɓarnar da ka yi wa wani take biya, ba ta biyan motarka. Ka san da wannan kafin ka hau ruwa.

Mota mai tsayin ƙafa ta fi dacewa. Ƙaramar mota ma tana hayewa, kullum ana hayewa da su, amma kada ka danne ta da kaya har bayanta ya zauna.

Ka riƙe tsabar kuɗi, ƙananan takardu, ka raba su wuri biyu ko uku. A bakin kogi sabis na iya ɗaukewa, kuma mai tura mota ba ya jiran taransifa. In da yara a tafiyar, ka saya musu rigar kariya ta ruwa daidai jikinsu tun daga gida. Wadda za a ba ka a can, in an samu, ta manya ce, yaro kuwa zamewa yake yi ta ƙasanta.

Ranar farko: Bauchi zuwa Langtang ko Shendam

Ka bar Bauchi bayan sallar asuba da tanki cike. Duwatsun Dass sun cancanci tsayawar minti goma, musamman da safe kafin hazo ya rufe su. Bayan Tafawa Ɓalewa da Bogoro ka shiga ƙasar Filato. Tafiyar ta wuce nisan da ake yin kasaru, saboda haka sallolinka masu raka'a huɗu sun koma biyu-biyu, wannan ma sauƙi ne ga mai tuƙi.

Za ka ji zuciyarka tana cewa tunda rana da saura, ka ƙarasa kogi ka haye yau. Kada ka biye mata. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta hana zirga-zirgar jirage da dare, daga shida na yamma zuwa shida na safe. Wanda ya isa bakin ruwa da la'asar sakaliya ya tarar da layi, ɗayan biyu ne: ko ya kwana a mota da iyalinsa cikin sauro, ko ya yarda wani mai ganganci ya haye da shi a duhu. Ka sauka Langtang ko Shendam da rana tsaka, ka nemi masauki ido na ganin ido.

Yadda ake kama ɗaki a masaukin karkara

Masaukai a irin waɗannan garuruwa iri uku ne: gidan baƙi na ƙaramar hukuma ko na gwamnati, na mishan, da na 'yan kasuwa. Na gwamnati yakan zama mai fili da itatuwa, gininsa tsoho, ruwa da wuta sai yadda ta yiwu. Na mishan galibi ya fi tsabta da shiru, yana da dokokinsa, kuma ana rufe ƙofa da wuri. Na 'yan kasuwa shi ne sai an tona, domin wasu masauki ne da gaske, wasu kuwa mashaya ce da aka yi wa ɗakuna a baya.

Ka bar iyali a mota ka shiga kai kaɗai. Fara da mai gadi, ka gaishe shi gaisuwa cikakkiya. "Sannu da aiki, Baba. Da iyali nake tafe, nan wurin kwanan iyali ne?" Dattijon da ke bakin ƙofa ya fi mai karɓar kuɗi faɗin gaskiya. In ya ɗan yi jim ya ce, "To, Alhaji, da dare akan ɗan yi kiɗa," ka gode masa ka ja motarka.

In wurin ya yi, kada ka biya sai ka ga ɗakin da za a ba ka, shi kansa, ba irinsa ba. Murɗa famfo ka gani. In ba ruwa, tambayi daga ina ake kawowa, kuma a cika maka bokiti biyu yanzu, kada a ce sai an jima. Ɗaga zanin gado ka duba ɗinkin katifa, ɗigon baƙi-baƙi a wurin alamar kuɗin cizo ne. Duba ragar taga ko ta yage. Rufe ƙofa ka gwada sakata ta ciki. Sannan maganar wuta: ƙarfe nawa ake tada janareto, ƙarfe nawa ake kashewa, kuma kuɗin mai yana cikin kuɗin ɗaki ko daban ne. A yi wannan magana a gama ta kafin kuɗi ya bar hannunka, a rubuta maka rasit. Za a nemi katin shaida a rubuta sunanka a littafi, wannan daidai ne, wurin da ba ya tambayar kowa komai shi ne abin tsoro.

Mota ta kwana cikin gida, ka juya ta ta fuskanci ƙofar fita, ka kwashe duk abin da ido zai gani ta gilashi. Ba kowa ne ya kamata ya san ƙarfe nawa za ka tashi ko ina ka nufa ba. Mai gadi kaɗai ya isa, shi ma da asuba, tare da ɗan abin goro.

Ka zo da gidan sauronka da igiya, da zanin shimfiɗa, da buta, da tocila, da kwaɗo ƙarami. Abinci kuwa, ka tambayi ina unguwar Hausawa take ko ina masallacin Juma'a yake. Kusa da shi ba ka rasa mai shayi da mai tsire da mai tuwo, kuma hankalinka ya kwanta game da yanka. A nan ne kuma za a nuna maka alƙibla in wayarka ta rikice. Ruwan sha na leda ko na gora kawai.

Ranar fito

Ka ƙara mai kafin ka bar gari, ka tashi da sassafe ta Yelwan Shendam, ka nufi bakin kogi da niyyar isa kafin rana ta yi zafi. In za ka iya kauce wa ranar kasuwar yankin da kuma tsakar ranar Juma'a, ka kauce.

Da isarka matasa za su yanyame motar, kowa na cewa shi ne mai jirgi. Kada ka ba kowa kuɗi ko makulli. Ka faka a bayan layi, ka fito, ka tambayi wurin shugaban masu fito ko mai yanka tikiti. Da shi za ka yi magana. "Ranka ya daɗe, ga mota ga mutum biyar, nawa ne gaba ɗaya har tsallake?" Kalmar gaba ɗaya ita ce muhimmiya. A fayyace kuɗin mota, kuɗin kowane mutum, kuɗin masu ɗora katako, da na masu turi in ta kafe a yashi a wancan gefen. Ka tambayi direban da ke gabanka nawa ya biya, shi ne ma'auninka.

Kafin layi ya zo kanka, tsaya ka kalli yadda ake ɗora motoci biyu ko uku. Ka ga faɗin katakon, ka ga inda suke gogar ƙasa, ka ga ko da gaba ake sauka a can ko da baya. Ka kuma dubi jirgin. In ana ta kwarfar ruwa daga cikinsa ba hutawa, ko an loda shi har gefensa ya kusa shafar ruwa, ka ce za ka jira na gaba. Za su yi maka dariya, su ce kullum haka suke yi. Bar su su yi. Hukumar NIWA ta wajabta sa rigar kariya ga duk wanda ya hau jirgi, ka nemi taka da ta iyalinka, a ɗaure igiyoyinta, kada a rataya ta a wuya kawai.

Lokacin hawa kowa ya fita daga motar, direba kaɗai ya rage. Ka sauke gilasai duka, ka cire bel, ka buɗe makullan ƙofofi, ka kashe rediyo. Dalilin a fili yake, in wani abu ya faru kana son hanyar fita. Ka zaɓi mutum ɗaya daga cikin masu jirgin ka ce masa, "Malam, hannunka kawai zan bi." Mutum goma za su riƙa ihu, wannan na cewa dama, wancan na cewa hagu, kai dai idonka a kan hannu ɗaya. Ka daidaita tayoyin gaba da katakon tun daga nesa, ka sa giya ta ɗaya, ka hau a hankali da mai daidai ba tare da tsayawa a tsakiya ba. Kada ka murza sitiyari a kan katako. In ka ji ƙasan motar ya taɓa, ka tsaya, a ƙara katako a rage gangaren, kada ka ce za ka fizge ta da ƙarfi. In kuwa ka san hannunka na rawa, ba abin kunya ba ne ka ba direban haya da ya saba ya hau maka da ita, kana tsaye kana kallo.

Da ta zauna inda aka nuna maka, ja hambirki har ƙarshe, ka bar ta a giya, ka kashe inji, ka sa waigi gaba da bayan taya da hannunka. Sannan ka fito. Ba a zama cikin mota a kan ruwa, komai zafin rana. Ku zauna inda aka ce, yara a tsakiya kusa da uwarsu, ba mai leƙa ruwa, ba mai tashi ya koma ɗaya gefen don ɗaukar hoto. Waya da takardun mota a leda a jikinka. Addu'ar hawa jirgi sananniya ce, "Bismillahi majreha wa mursaha," ta cikin Suratu Hud.

Sauka ta fi hawa kafe mota. Ka bari a ɗaure jirgi a shimfiɗa katako, fasinjoji su sauka tukuna. Ka bi sawun motocin da suka riga ka, kada ka buɗe sabuwar hanya a yashi. In ta fara nutsewa, ɗaga ƙafa daga mai nan take, domin juya taya a wuri ɗaya rami yake haƙa mata. A rage iskar tayoyin kaɗan, a share yashin gabansu da shebur, a sa katako, a tura. Da ka hau ƙasa mai ƙarfi ka mayar da iskar, ka kuma taka birki sau da yawa a hankali in tayoyin sun shiga ruwa, har ka ji ya kama.

Ibi zuwa Gombe

Ibi tsohon garin ciniki ne tun zamanin kamfanin Turawa na Neja, kuma kusa da shi tafkin Nwonyo yake, inda ake bikin kamun kifi. Ka ci kifi a nan, ka sayi busasshe na tsaraba. Wukari ba nisa, garin Aku Uka ne, sarkin Jukunawa, kuma yana da masaukai da gidajen mai fiye da duk inda ka baro. In fito ya cinye maka rabin yini, kwana a Wukari. Washegari Jalingo, ta Mutum Biyu.

Daga Jalingo zuwa Numan zuwa Cham kada ka auna tafiyar da kilomita, ka tambayi direbobi awa nawa take ci a yanzu, ka ƙara ɗaya a kai. A Numan ne Gongola, kogin da ya ratso Bauchi da Gombe, yake zubawa cikin Binuwai, kuma a nan za ka sake haye kogin, wannan karon ta gada.

In dare zai same ka kafin Gombe, Kaltungo ko Billiri wurin kwana ne mai kyau, ga dutsen Tangale a tsaye, ga hawan Tula ga mai son ganin tsauni da safe. Abu ɗaya ka kiyaye: yankin yana da kububuwa, shi ya sa ma asibitin masu saran maciji yake a Kaltungo. Ba a fita tsakar gida da dare ba takalmi rufaffe da tocila, kuma a kakkaɓe takalmi da safe kafin a sa.

Yankari, sannan gida

Daga Gombe ka kamo hanyar Bauchi, ka wuce Alkaleri, a Dindima ka karya zuwa Mainamaji inda ƙofar shiga take. Daga ƙofar zuwa sansanin Wikki sama da kilomita 40 ne a cikin daji, saboda haka ka iso da rana da isasshen mai. A lokacin hutun ƙarshen shekara ɗakuna na cika, ka kama naka tun kafin ka bar gida. An keɓe dajin a 1956, aka buɗe shi ga baƙi a 1962, faɗinsa murabba'in kilomita 2,244. Ruwan Wikki yana nan a ɗuminsa na digiri 31 dare da rana, bayan kwanaki a kan kujerar mota kuwa ba abin da jiki ke so kamarsa. Zagayen ganin namun daji da sassafe ko da yamma ake yi, tare da ɗan rakiya na wurin. Gwaggon biran sansanin sun san leda sun san ƙofar da ba a kulle ba, kada a bar yaro ya fita da abinci a hannu, kada kuma a bar gilashin mota a sauke.

Da ka koma Bauchi, kafin motar ta koma aikinta na kullum, a wanke ƙasanta da ruwa mai ƙarfi a fitar da yashi da laka. Bakanike ya buɗe birki ya duba, ya leƙa robobin ƙafa da salansa ko katako ya taɓa su, a kuma canza matatar iska, domin ƙurar hunturu ta jihohi biyar tana cikinta.